Kamshaf ke Buɗewa, Sifirin ke Rufewa

Kamshaf ba ya rufe bawul. Wannan ita ce magana ta farko da ya kamata duk mai niyyar ƙara wa injin motarsa ƙarfi ya riƙe, kuma ita ce aka fi saurin mantawa da ita, domin a bakin masu talla kamshaf ne ke kwashe yabon duka. Shi kamshaf sanda ce ta ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, jikinta duk tozaye ne a jere, kowane tozo da nasa bawul. Idan tozon ya zagayo sai ya tura bawul ya buɗe, iska da fetur su shiga silinda, ko kuma hayaƙi ya samu hanyar fita. Iyakar ikonsa ke nan, turi. Ba shi da hannun da zai kamo bawul ɗin ya mayar da shi mazauninsa. Wannan aiki an bar wa wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe da tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, wato sifirin, wanda ke zaune a ƙarƙashin murfin inji, ba a ganinsa, ba a jin ƙararsa, kuma kuɗinsa ƙalilan ne idan aka kwatanta da abin da yake tsaro.

Wanda ya sauya kamshaf abu biyu yake nema. Yana so bawul ya buɗe da zurfi fiye da da, kuma ya daɗe a buɗe, domin inji ya shaƙi iska mai yawa. Iskar ce ke ba da damar ƙona fetur mai yawa, daga nan kuma ƙarfi ke fitowa. Sai dai lokacin da aka ba bawul ya yi wannan tafiya bai ƙaru da wani abin kirki ba. A inji mai bugu huɗu, kamshaf na yin juyi ɗaya duk sa'ad da kiranshaf ya yi biyu. Saboda haka idan allurar agogon inji ta nuna juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a sakan guda, kuma dukan tafiyarsa, daga tashi zuwa komawa, ba ta cin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ga kuma wata doka da ba ta da sassauci: ƙarfin da ake buƙata don tsayar da abu mai kai da komowa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi. In an ninka juyin inji sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Daga juyi 5,000 zuwa 6,500, wanda a ido ɗan ƙari ne, nauyin da ke kan sifirin ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari, tun kafin a yi maganar ƙarin zurfin buɗewa.

Ba aikin jarida ne ya kawo ni ga wannan batu ba, yayana ne. Yana zaune a Houston ta jihar Texas, yana aikin dare a wani asibiti, kuma yana da tsohuwar akori-kura ƙirar Chevrolet Silverado ta 2004, mai inji V8 lita 5.3. A Amurka sauya kamshaf a wannan dangin inji, wanda suke kira LS, ya zama kusan al'ada, kamar yadda matasanmu ke sauya salansar babur. Dangin ya fara ne da injin LS1 na motar Corvette ta 1997, daga baya kamfanin General Motors ya zuba ire-irensa a motocin ɗaukar kaya masu ɗimbin yawa, don haka kayansu ke da araha, kuma kowa ya ɗauki kansa masani a kansu. Yaya ya sayi kamshaf mai ɗaga bawul inci 0.585, alhali na asali bai kai rabin inci ba. Wani gareji ya ce masa sifirin ɗin da motar ta zo da su za su ɗauka, kada ya ɓata kuɗinsa. Wani mai sayar da kaya kuma ya ce kada ya kuskura, ya sayi masu ninki biyu, mafi tauri da ke shagon, irin na motocin tsere. Sai ya ɗauki hoton 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin kamshaf ya turo mini.

"Malam ɗan jarida, duba min wane ne maƙaryaci a cikinsu."

"Yaya, ni fa ba makanike ba ne."

"Ai shi ya sa na tambaye ka. Ba ka da abin da za ka sayar min."

Abin ba wasa ba ne a gare shi. Houston gari ne da wanda ba shi da mota ya zama kamar gurgu, balle mai tashi daga aiki da asuba. Motar ita kaɗai gare shi, kuma bawul guda in ya faɗa cikin silinda zai iya tafiya da fistin da kan inji, wani lokaci har da gangar injin, kuɗin da ya isa ya taɓa abin da yake turowa gida na watanni. Na kwashe makonni ina karanta takardun masu ƙera waɗannan kaya, ina kiransa muna lissafi, kuma abin da na fahimta shi ne babu maƙaryaci a cikin mutanen biyu. Kowannensu ya ba da amsa ne ba tare da ya auna komai ba.

Tambaya ta farko ba ta ƙarfi ba ce ma, ta wuri ce: shin sifirin yana da filin da zai lanƙwashe har iyakar da sabon tozo zai kai shi? Kowane sifirin yana da matakin da zobbansa za su haɗe da juna ya koma dunƙulen ƙarfe. Idan tozo bai gama turi ba aka kai wannan mataki, to wani abu sai ya ba da kai, ko sandar turi ta lanƙwashe, ko hannun lilon da makanikai ke kira roka ya karye, ko tozon kansa ya ci. Lissafin mai sauƙi ne, sai dai da ma'aunin Amurkawa ake yin sa, inci da laba, tunda da su ake rubuta takardun. A injin LS, tsayin sifirin bayan an ɗaure shi, bawul yana rufe, inci 1.800 ne, kusan milimita 46. A cire 0.585, saura 1.215: tsayinsa ke nan a lokacin da bawul ya gama buɗewa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar sararin da bai gaza inci 0.060 ba, milimita ɗaya da rabi, kafin zobba su haɗe. Ke nan duk sifirin da zobbansa ke haɗewa a sama da 1.155 ya fita daga lissafi. Na asali an yi shi ne don buɗewar da ba ta wuce rabin inci da wani abu mai yawa ba. Shawarar gareji ta faɗi a nan, tun ba a kunna mota ba.

Akwai tarko ɗaya a wannan takarda da ya dace a ambata. Wasu kamfanoni suna rubuta tsayin tozo ne, ba zurfin buɗewar bawul ba, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Roka yana ninka motsin tozo. A yawancin injunan LS ninkin 1.7 ne, don haka tozo mai inci 0.344 shi ke ba da 0.585 a kan bawul. Wanda ya sa roka mai ninki 1.8 ya ƙara zurfin zuwa kusan 0.619 ba tare da ya taɓa kamshaf ba, kuma sararin da yake taƙama da shi ya tafi. Haka nan akwai hular ƙarfe da ke riƙe sifirin a saman bawul. Ita ma sai an tabbatar ba za ta sauko ta daki robar da ke hana baƙin mai bin jikin bawul ba.

Bayan wuri sai ƙarfi, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi. Tafiyar bawul kashi uku ce. Da farko gefen tozo ya fizge shi daga mazauni da gudu. Tun bai kai rabin hanya ba dole ya soma rage gudu, ya tsaya cak a ƙololuwa, sannan ya juyo. A wannan kashi na tsakiya tozon janyewa yake yi daga ƙarƙashinsa, kuma abin da kaɗai ke hana bawul zarcewa shi ne sifirin. A ƙarshe ɗaya gefen tozon ya tarbe shi, ya rage masa gudu, ya ajiye shi a hankali. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya direba ya haye tudun rage gudu da sauri ya san abin da nake nufi: motar ta bi tudu ta sauka, kai kuwa ka ci gaba da tashi har kanka ya gaisa da rufi. Haka bawul ke yi idan sifirin ya gaza. Ya rabu da tozo, ya yi shawagi, ya dawo a makare, ya faɗo a inda ba a shirya masa sauka ba.

Makarar ita ce haɗarin. A ƙarshen bugun fitar da hayaƙi, fistin yana tasowa ne a bayan bawul ɗin hayaƙi da ke rufewa, tamkar yana korarsa, tazarar da ke tsakaninsu milimita biyu zuwa uku ce kawai. Bawul ya makara da ƙiftawar ido, sun haɗu. Kafin a kai ga haka direba yakan ji alamu: inji ya yi ta ja, sai a wani mataki ya tsaya kamar ya ci karo da bango, ya soma tari. Amma sau da yawa ba a jin komai, ɓarnar tana tafiya a ɓoye. Injin LS yana da tafet mai cika da baƙin mai don ya toshe duk wata tazara da kansa. Idan shawagi ya buɗe tazara, tafet ɗin ya ɗauka aikinsa ne ya cike ta, sai ya kumbura, ya riƙe bawul a ɗan buɗe a lokacin da ya kamata ya rufe ruf. Abin da aka yi don ya kawar da ƙara sai ya zama mai taya ɓarna.

Akwai kuma tsalle, wanda ya bambanta da shawagi. Bawul ya iso mazauninsa da ƙarfi, ya daka, ya sake tashi kaɗan, sau ɗaya ko biyu. In na shigar iska ne, wani ɓangare na abin da aka shaƙa ya koma baya daidai lokacin da fistin ya fara matsawa. Ƙarfin da aka sayi kamshaf dominsa ya zube. Kowane tsalle kuma guduma ce a kan mazauni da kan 'yan makullan da ke riƙe hula. Shi ya sa takardar kamshaf ta kirki ke ba da adadi biyu. Na farko nauyin zama, wato yadda sifirin ke danne bawul yana rufe, shi ke maganin tsalle. Na biyu nauyin buɗe, wanda ke maganin shawagi. Abin da ya haɗa su shi ne taurin sifirin, wato laba nawa ake buƙata don a matse shi inci guda. Wani da ake yawan sa wa irin motar Yaya yana danne bawul da laba 130 a zaune, kusan kilo 59, taurinsa laba 313 a kowane inci, zobbansa na haɗewa a 1.140. A buɗewar 0.585 zai kai laba 313, kilo 142, kuma ya bar sararin 0.075. Ya wuce jarrabawa biyun.

To me zai hana a bi shawarar mai shago, a sayi mafi tauri a huta? Ni kaina da farko na ga hikima a ciki, tunda hankali yana ba da cewa abin da ya yi yawa ya fi abin da ya gaza. Amma duk labar da aka ƙara wa sifirin, wani ne ke ɗaukarta: tozo, tafet, sandar turi, roka, mazaunin bawul. Kuma ba a lokacin tsere kaɗai suke ɗaukarta ba. A tafiyar yau da kullum, inji yana juyi 2,000, kowane bawul yana buɗewa sau 60,000 a awa guda, kuma a kowane buɗewa sai an biya cikakken kuɗin taurin da ba a buƙatarsa sai a juyi 7,000 da motar ba za ta taɓa gani ba. Ƙananan allurai da ke cikin 'yar tayar tafet su gaji. Tafet mai baƙin mai ya kasa jurewa ya lotsa, zurfin buɗewa ya ragu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sandar turi: a ƙarƙashin nauyi mai yawa takan ɗan lanƙwashe a farkon buɗewa, sannan ta miƙe kwatsam kusa da ƙololuwa ta harba bawul sama, kamar gorar da ɗan wasa ke dogarawa ya tsallake shinge. Wato sifirin da aka saya don hana shawagi shi da kansa zai iya haddasa shi. Garin neman gira a rasa ido.

Masu tseren gajeren zango a Amurka suna amfani da sifirin da nauyin buɗewarsa ya haura laba 1,000, gaskiya ne. Sai dai injinsu 'yan sakan yake aiki, kuma tsakanin gudu da gudu suna buɗe murfi su auna, su zubar da wanda ya gaji. Mai zuwa aikin dare ba shi da wannan gata.

Ga masu tsofaffin injuna lamarin ya fi tsanani. Kafin tafet mai 'yar taya ya yaɗu, gindin tafet a shafe yake, yana gogar tozo kai tsaye, kuma abin da ke tsakaninsu ɗan siririn mai ne da wani sinadarin zinki da fosfaros da ake zubawa a ciki. An rage wannan sinadari saboda yana lalata matatar hayaƙi. Ma'aunin API SM na 2004 ya ƙayyade fosfaros a kashi 0.08 cikin ɗari a yawancin man ƙananan motoci. Sabon kamshaf na irin wannan inji, idan aka haɗa masa sifirin mai tauri da man zamani, yana iya rasa tozo a mintunansa na farko. Saboda haka masu ƙera shi ke umartar a cire na cikin idan sifirin mai ninki biyu ne, a zuba mai na musamman, a riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti ashirin zuwa talatin, sannan a mayar da na cikin. Aiki biyu ne, kuma mutane da yawa suna tsallake shi. Motar Yaya mai 'yar taya ce, don haka wannan bai shafe shi ba.

Saura abu guda da adadin takarda ba ya nunawa, wanda zan kira kyarma. Sifirin ba ya matsewa gaba ɗaya a lokaci guda. Idan aka buge shi daga sama, motsin bin zobba yake yi ya sauka, ya daki ƙasa, ya dawo, kamar igiyar shanya da aka kaɗa daga gefe ɗaya. Kowane sifirin yana da saurin kaɗawar da ya fi so, kuma idan bugun tozo ya dace da shi, zobban tsakiya sai su shiga rawar kansu. A wannan hali ƙarfin da yake danne bawul da shi yana hawa yana sauka, ko da a kan ma'auni ya nuna adadi mai kyau. Akwai na'urar gwaji da ake kira Spintron, wadda ke juya inji da lantarki ba tare da an kunna shi ba, tana bin motsin bawul da hasken leza. Da irinta ne aka ga cewa bawul a babban gudu ba ya bin zanen tozo yadda injiniya ya zana. Maganin kyarma iri-iri ne. Wasu sukan sa sifirin biyu, ɗaya a cikin ɗaya, masu kaɗawa daban, suna ɗan gogar juna suna kashe wa juna rawa. General Motors kuwa tun daga LS1 ya zaɓi guda ɗaya mai faɗi a ƙasa, tsukakke a sama. Amurkawa sun sa masa sunan gidan zuma. Mu da amyarmu doguwa ce, gara a ce siffar rumbu gare shi. Da yake zobbansa ba girmansu ɗaya ba, babu saurin kaɗawa guda da zai kama su duka, kuma hularsa ƙarama ce, ba nauyi.

Wannan batu na nauyi shi ne hanyar da injiniyoyi suka fi so. Maimakon a ƙara wa sifirin ƙarfi, a rage masa kaya. A injin LS6 na 2002 an sa bawul mai rami a cikin sandarsa. A LS7 na Corvette Z06 ta 2006, wanda ke kai juyi 7,000 yana ɗaga bawul inci 0.591, bawul ɗin shigar iska na ƙarfen titaniyam ne. Kowane giram da aka cire a can sama ya fi laba da yawa da za a ƙara a ƙasa amfani.

Wasu ma sun taɓa yanke ƙauna daga sifirin gaba ɗaya, kuma tarihin yana da ban sha'awa. A shekarun 1950 ƙarfen da ake da shi yana da datti a cikinsa, sifirin na karyewa a tsere. Mercedes, a motarta W196 ta 1954 wadda Fangio ya tuƙa, ta sa tozo na biyu da ke jawo bawul ya rufe da ƙarfin tsiya. Fabio Taglioni ya kai wannan dabara kamfanin babura na Ducati a 1956, ta zama tambarinsu na shekaru fiye da sittin. Renault kuma a 1986 ta maye gurbin ƙarfen da matsattsiyar iskar gas a injin da Ayrton Senna ya yi tsere da shi a Lotus, abin da ya buɗe hanyar da injunan Formula 1 suka bi har suka kai kusan juyi 20,000 a 2006. Amma a 2020 Ducati da kanta ta fito da injin V4 Granturismo mai sifirin na ƙarfe, ta kuma ce sai bayan kilomita 60,000 za a duba bawul. Ƙarfe ya tsarkaka, an iya sarrafa fatarsa da ruwan ƙananan harsasai don kada tsaga ta samu mafara, sai tsohon abu ya dawo da martabarsa.

A ƙarshe Yaya ya sayi mai siffar rumbu, wanda kamfanin kamshaf ɗin ya rubuta adadinsa a takarda. Ban ɓoye masa rauninsa ba: guda ɗaya ne, in ya karye babu na ciki da zai riƙe bawul kafin a kashe inji, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ninki biyu ke da ita. Da kamshaf ɗin ya haura inci 0.600, ko da yana da niyyar zama a saman juyi 6,500, da na ce ya bi su. Ga motar zuwa aiki mai ɗan taɓa wasa ranar Asabar, nauyin da za su ɗora wa tafet ɗin da ya riga ya yi shekaru ya fi ba ni tsoro.

Inda na dage masa shi ne awo. Adadin 1.800 na littafi ne. Kan injin da ya yi shekara ashirin yana aiki ba ya karanta littafi. Akwai ɗan ma'auni mai kama da gwangwani da ake sawa a gurbin sifirin, a ɗaura hula, a murɗa har ya cika wurin, a karanta. Ya yi wa bawul goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, yana hura iska ta ramin fulogi don kada bawul ya zame cikin silinda. Yawancinsu sun faɗo tsakanin 1.795 da 1.810, amma biyu sun kai 1.830. Wannan ɗan bambanci na 0.030, kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, ya rage musu kusan laba tara na nauyin zama. Gyaran kuwa siririyar washa ce da ake kira shim, ana sayar da ita a kauri 0.015, 0.030 da 0.060, a sa ta a ƙarƙashin sifirin. Sai dai ita ma ba kyauta ba ce: duk abin da ta ƙara na nauyi, ta cire shi daga sararin haɗewar zobba, don haka bayan an sa ta sai an sake lissafin farko.

A nan ne na ga inda maganar ta shafe mu a gida, ko da yake ba mu cika sauya kamshaf don neman gudu ba. Duk lokacin da mota ta yi zafi aka cire tof silinda aka kai a gyara mazaunin bawul, bawul ɗin yana ƙara nutsewa, sandarsa ta ƙara fitowa sama, tsayin sifirin ya ƙaru, ƙarfinsa ya ragu. Ga shi kuma zafin da ya jawo gyaran ya riga ya gajiyar da shi. Haka wanda ya sayo kan inji na gwanjo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo shi ne da sifirin ɗin da bai san tarihinsu ba. Tsofaffin makanikai suna da dabara mai sauƙi: su jera su a kan gilashi ko wani shafaffen ƙarfe, su ɗora rula a sama, duk wanda ya gajarta ko ya karkace a fitar da shi. Ba ta kai ma'aunin nauyi ba, amma tana kama mafi muni, kuma minti biyar take ci.

Ranar da aka tayar da motar, bai taka totur ba. Masu ƙera sifirin suna so a fara barinsa ya yi zafi a hankali, inji na juyi 1,500 zuwa 2,000, a kashe, a bar shi ya huce sarai kafin a nemi gudu, kuma ko bayan haka kada a matsa wa inji yana sanyi. Sun kuma faɗa cewa sabon sifirin yakan zubar da wani abu na ƙarfinsa a farkon aiki, har kusan kashi goma cikin ɗari, sannan ya daidaita. Wanda ya ci gaba da raguwa bayan nan shi ne ke shirin karyewa. An kai motar an sake saita kwamfutarta don ta san sabon numfashin injin, ya kuma sayi ɗan ma'aunin da ake kafawa a kan roka a ja, ya nuna nauyin zama ba tare da an kwance komai ba. Bayan mako biyu ya auna, duka suna tsakanin laba 120 da 125, ya rubuta a bayan littafin motar. Yanzu duk canjin mai na uku yana buɗe murfi ya sake aunawa. Ya ce ranar da allura ta nuna ƙasa da 110 a kan ko da guda ɗaya, sha shidan zai cire gaba ɗaya.